Besbol: Ribar musayar matasa da tsohon hannu da kuma asararta

A watan Fabrairun 2024 ƙungiyar Baltimore Orioles ta Amurka ta miƙa wa Milwaukee Brewers matasan 'yan wasanta biyu, Joey Ortiz da DL Hall, haɗe da gurbi guda a zaɓen sabbin 'yan wasa, domin ta karɓi mutum ɗaya tak.

Mutumin shi ne Corbin Burnes, ɗaya daga cikin fitattun masu jefa ƙwallo a wasan besbol, wanda kaka guda ce kawai ta rage masa ya sami 'yancin tafiya inda ya ga dama.

Burnes ya yi aikin da aka ɗauko shi dominsa. An rubuta masa nasara 15 a kakar, kuma a wasan farko na zagayen fitar da gwani maki ɗaya kacal Kansas City Royals ta iya ci a kansa.

Sai dai abokan wasansa ba su ci ko ɗaya ba. Kashegari aka yi waje da Baltimore, kuma kafin shekarar ta ƙare Burnes ya koma Arizona a kan dala miliyan 210 na shekara shida.

A watan Disambar wannan shekarar ce kuma Boston Red Sox ta bai wa Chicago White Sox matasa huɗu a madadin Garrett Crochet. Shi kaka biyu ta rage masa, kuma a farkon kakar 2025 ya sa hannu a kan sabon kwantiragi na shekara shida, na dala miliyan 170.

Cinikayyar biyu sun sake tayar da tsohuwar muhawara a tsakanin masu bin wasan: shin hikima ce ƙungiya ta rabu da yaran da take reno domin ta sami gogaggen mai jifa guda ɗaya?

Tarihin shekaru kusan arba'in na irin wannan ciniki ya nuna cewa amsar ta fi rataya a kan abubuwa biyu: kaka nawa ƙungiyar ta saya, kuma yaya kusancinta da kofi yake a ranar da ta saya.

Ba ni gishiri in ba ka manda

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, inda ake biyan kuɗi a sayi ɗan wasa, tsarin babbar gasar besbol ta MLB zai zo masa da mamaki.

A gasar, mai ƙungiyoyi 30 a Amurka da Kanada, ba kasafai ake sayar da fitaccen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, kuma kwantiraginsa na bin sa zuwa sabuwar ƙungiyar.

Galibi ma ba a neman yardarsa, sai fa idan kwantiraginsa ya ba shi damar ƙin amincewa, ko kuma ya daɗe a gasar har ya sami wannan 'yancin.

Kowace ƙungiya na da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, inda matasa kan shafe shekaru suna koyon sana'a. Waɗannan matasa su ne kuɗin kasuwar.

Darajarsu ta samo asali ne daga dokar aiki. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar wa kansa ƙungiya sai ya yi kaka shida a babbar gasar, kuma a kaka ukun farko abin da ake biyansa ba ya wuce mafi ƙarancin albashi da nisa.

A 2025 mafi ƙarancin albashin dala 760,000 ne a shekara. Kwantiragin Burnes da Arizona kuwa ya kama dala miliyan 35 a shekara, wato ya ninka shi sau 46.

Ke nan ƙungiyar da ta ba da matashi mai hazaƙa ta ba da aikin shekara shida ne mai araha. Ga ƙungiyoyin ƙananan birane, irin su Milwaukee da Tampa Bay, wannan arahar ce ke ba su damar gogayya da attajiran New York da Los Angeles.

Me ya sa mai jifa ke da tsada?

A wasan besbol, mai jifa ne ke tsayawa a tazarar kimanin mita 18 daga mai bugu, yana wurga masa ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a sa'a guda. Wanda ya buɗe wasa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin zagaye taran da ake yi.

Aikin na cin hannu, don haka kowace ƙungiya kan tanadi masu buɗe wasa biyar suna karɓa-karɓa. A cikin wasanni 162 na kaka, ba kasafai gwani ke buɗe fiye da 32 ko 33 ba.

Ana rufe kasuwar musaya ne a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Wanda aka ɗauko a lokacin, wasanni goma zuwa goma sha biyu ne suka rage masa kafin kaka ta ƙare.

To amma lissafin na sauyawa a watan Oktoba. A zagayen fitar da gwani akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, saboda haka ƙungiya na iya dogara da masu jifa uku ko huɗu, gwarzonta kuma ya fito sau biyu a karawar wasa bakwai.

Wannan ne ya sa shugabannin ƙungiyoyi ke yarda su biya farashin da ba za su biya wa wani ɗan wasan ba.

Darasin Detroit

Cinikin da aka fi kafa hujja da shi an ƙulla shi ne ranar 12 ga watan Agustan 1987.

Detroit Tigers, wadda ke kankankan da Toronto a rukuninsu, ta karɓi Doyle Alexander mai shekara 36 daga Atlanta Braves. Ta ba da wani yaro ɗan shekara 20 da ke fama a ƙaramar gasa, mai suna John Smoltz.

Alexander ya buɗe wasa 11, an rubuta masa nasara tara, ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Detroit ta sha gaban Toronto a ƙarshen makon ƙarshe na kakar.

Amma a karawar neman zuwa wasan ƙarshe Minnesota Twins ta doke shi sau biyu, ta kuma fitar da Detroit. Bayan kakar 1989 ya bar wasa.

Smoltz kuwa ya shafe shekara 20 yana yi wa Atlanta wasa. Ya ɗauki kofin World Series a 1995, ya lashe lambar yabo ta Cy Young ta gwarzon mai jifa a 1996, ya tara nasara 213, aka kuma shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan a 2015.

Detroit ba ta sake shiga zagayen fitar da gwani ba sai a 2006.

Masu sukar cinikin na cewa an sayar da shekara ashirin saboda mako bakwai. Masu kare shi kuma na nuni da cewa in ba don Alexander ba, da wuya Detroit ta wuce Toronto, kuma a 1987 babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da Smoltz zai zama.

Duka ɓangarorin biyu na da abin faɗa. Detroit ta san tana dab da kofi, ta kuma sami abin da ta biya dominsa. Abin da ba ta sani ba shi ne girman abin da ta bayar.

Ƙwai a baka

Akwai lokacin da hayar wata uku kan biya buƙata. Misalin da aka fi ambata shi ne na Milwaukee a watan Yulin 2008.

Rabon ƙungiyar da zagayen fitar da gwani tun 1982. Sai ta ɗauko CC Sabathia daga Cleveland, tana sane da cewa zai tafi a ƙarshen kaka, ta ba da matasa huɗu ƙarƙashin jagorancin Matt LaPorta, wanda ake ganin ya fi kowa haske a cikin yaranta.

Sabathia ya buɗe wasa 17, ya yi nasara 11, an doke shi sau biyu. Sau bakwai yana jefa wasa daga farko har ƙarshe ba tare da an canje shi ba, ciki har da na ranar ƙarshe da Chicago Cubs, wanda ya tsallakar da Milwaukee.

Philadelphia ta fitar da su a karawar farko, Sabathia kuma ya koma New York Yankees a kan dala miliyan 161.

Duk da haka mutanen Milwaukee ba su ɗauki cinikin a matsayin asara ba. Jiran shekara 26 ya ƙare, kuma kamar yadda Hausawa ke cewa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wani abin lura shi ne LaPorta, wanda aka yi cinikin dominsa, bai taka rawar a zo a gani ba, kuma wasansa na ƙarshe a babbar gasar a 2012 ne. Wanda ya zama tauraro shi ne Michael Brantley, da aka cika lissafi da shi daga baya, aka kuma zaɓe shi cikin taurarin gasar sau biyar.

Wannan na nuna cewa hatta ƙwararrun da ke tantance matasa kan yi kuskuren gane wanda zai yi fice a cikinsu.

Inda lissafi ya ƙwace

Cinikayyar da suka fi muni suna da kama guda: ƙungiyar da ta saya ta ɗauki kanta ta fi yadda take.

A watan Yunin 2002 Montreal Expos ta ɗauko Bartolo Colón daga Cleveland, ta ba da Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips tare da wani gogaggen ɗan wasa.

A lokacin hukumar gasar ce ke riƙe da ƙungiyar, ana kuma barazanar rushe ta baki ɗaya. Manajanta Omar Minaya ba shi da tabbacin cewa akwai wata gobe da zai adana wa matasan.

Colón ya yi nasara goma, amma Montreal ta ƙare can nesa a bayan Atlanta. A watan Janairun 2003 ta sallame shi.

Ba a rushe ƙungiyar ba. An mayar da ita Washington bayan kakar 2004, ba tare da yaran uku ba, waɗanda kowannensu ya zama tauraro. Lee ma ya lashe lambar Cy Young a 2008.

Pittsburgh Pirates ta faɗa irin wannan rami a watan Yulin 2018. Wasu nasarori da ta jera a jere a watan suka sa ta ɗauko Chris Archer daga Tampa Bay, ta ba da Tyler Glasnow da Austin Meadows, daga baya ta ƙara da Shane Baz.

Ta ƙare ta huɗu a rukuninta. Archer bai taɓa komawa ganiyarsa ba, ya kuma rasa kakar 2020 gaba ɗaya saboda tiyata, shekarar da Tampa Bay ta kai wasan ƙarshe da Glasnow da Meadows a cikin tawagarta.

Haka nan a watan Yunin 2016 Chicago White Sox ta karɓi James Shields mai shekara 34 daga San Diego. Cikin abin da ta bayar har da wani yaro ɗan shekara 17 daga Jamhuriyar Dominika, Fernando Tatis Jr.

Chicago ta ƙare kakar da rashin nasara fiye da nasara. A 2021 San Diego ta ɗaure Tatis da kwantiragin shekara 14 na dala miliyan 340.

Mai buɗe wasa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar. Zai iya tura ƙungiya mai ƙarfi ta haye, amma ba zai iya ɗaukar mai rauni a ka ba.

Masu sayen shekaru

A ɗaya gefen kuma akwai ƙungiyoyin da suka riga suka yi ƙarfi, suka kuma sayi mai jifan da ke da sauran shekaru a kwantiraginsa.

A watan Disambar 2016 Boston, wadda ta lashe rukuninta a shekarar, ta ɗauko Chris Sale daga White Sox. Farashin ya yi tsada: matasa huɗu, ciki har da Yoán Moncada ɗan ƙasar Kyuba, wanda ake sa shi a sahun gaba na matasan wasan baki ɗaya, da Michael Kopech.

Amma Sale na da sauran kaka uku a kan albashin da bai kai darajarsa ba. Ke nan Boston ta sayi damar gwada sa'arta sau uku.

A gwaji na farko, 2017, an fitar da ita da wuri. A na biyu ta ɗauki kofi, kuma Sale ne ya jefa ƙwallon ƙarshe a karawar da Los Angeles Dodgers a 2018.

Houston Astros ta bi wannan sawu ranar 31 ga watan Agustan 2017, lokacin da ta karɓi Justin Verlander mai shekara 34 daga Detroit a madadin matasa uku. Kwantiraginsa na da sauran kaka biyu bayan waccan.

Ya yi nasara a duka wasanni biyar da ya buɗe a watan Satumba, aka zaɓe shi gwarzon karawar da Yankees, Houston kuma ta ɗauki kofinta na farko. Daga baya binciken hukumar gasar, wanda aka fitar a watan Janairun 2020, ya tabbatar da cewa ƙungiyar ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun abokan karawa a kakar, abin da ya shafa wa kofin baƙin fenti.

Verlander ya ci gaba da zama a Houston, ya lashe lambar Cy Young a 2019 da 2022, ya kuma sake ɗaukar kofi a 2022.

Babban yaron da Detroit ta karɓa, Franklin Pérez, rauni ya hana shi jefa ko ƙwallo ɗaya a babbar gasar.

Rauni ba ya zaɓe

Babbar barazana ga duk wannan lissafi ita ce gwiwar hannun mai jifa.

Jijiyar da ke riƙe da gwiwar kan tsinke saboda yawan jifa da ƙarfi. Tiyatar gyara ta, wadda Dokta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, ta zama ruwan dare, kuma jinyarta kan ɗauki fiye da shekara guda.

An yi wa Burnes ita a watan Yunin 2025, watanni ƙalilan da fara kwantiraginsa na Arizona. An yi wa Sale a 2020, shekara guda bayan Boston ta tsawaita zamansa a kan dala miliyan 145.

Wannan na nufin sayen shekaru masu yawa ma yana da nasa haɗarin. Boston ta ci ribar kaka ukun da ta saya da matasa, ta yi asara a kan waɗanda ta ƙara da kuɗi. Ta miƙa shi ga Atlanta a ƙarshen 2023, sai ga shi ya lashe lambar Cy Young a 2024.

Matasan ma ba su tsira ba. An yi wa Kopech irin wannan tiyata a 2018, jim kaɗan da shigarsa babbar gasar.

White Sox, wadda aka yaba wa kan matasan da ta tara, ta shiga zagayen fitar da gwani a 2020 da 2021 ba tare da ta tsallake karawa ko ɗaya ba. A 2024 an doke ta sau 121, adadin da ba a taɓa gani ba tun daga 1900.

Saboda haka riƙe matasa ko tara su ba shi ne tabbacin nasara ba, kamar yadda sayen tsohon hannu ba tabbaci ba ne.

Yadda dokoki suka sauya kasuwa

Sauye-sauye biyu sun shafi farashi a 'yan shekarun nan.

Na farko, tun daga 2012 ƙungiyar da ta ɗauko ɗan wasa a tsakiyar kaka ba ta samun diyya idan ya tafi a ƙarshenta. Milwaukee ta sami guraben zaɓen sabbin 'yan wasa lokacin da Sabathia ya tafi, amma a ƙarƙashin sabuwar dokar da ba ta samu ba.

Baltimore ta sami irin wannan diyya a kan Burnes ne saboda ta ɗauko shi kafin a fara kaka. Dokar ta rage darajar hayar wata uku, ta kuma ƙara wa cinikin lokacin hutu armashi.

Na biyu, an faɗaɗa zagayen fitar da gwani. A 1987 ƙungiyoyi huɗu ne ke shiga, a 2008 takwas, tun daga 2022 kuma 12.

Ƙungiyoyi da dama kan isa watan Yuli suna ganin suna da dama, don haka masu saye kan yi yawa, masu sayarwa su yi kaɗan.

A lokaci guda kuma hanyar zuwa kofi ta ƙara tsawo. Ƙungiya na iya buƙatar tsallake karawa huɗu, ta farkon ma wadda ta riga cin wasa biyu ce ke wucewa, inda ranar rashin sa'a guda kan isa ta rusa shirin shekara.

Abin da ya sami Baltimore ke nan a 2024. Haka ma Boston a 2025: Crochet ya zo na biyu a zaɓen lambar Cy Young, ya doke Yankees a wasan farko, amma aka doke ƙungiyarsa a biyun da suka biyo baya.

Bambancin shi ne Baltimore ta wayi gari babu Burnes, yayin da Boston ta fita daga gasar da sauran shekaru shida na Crochet a hannunta.

Ma'aunin da ya rage

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga cewa gogaggen mai jifan kan yi aikinsa a mafi yawan lokuta. Alexander da Colón da Sabathia da Burnes duk sun taka rawar gani, amma babu wanda ya kawo kofi a cikinsu.

Waɗanda suka kawo kofi, Sale da Verlander, sun je ƙungiyoyin da ke kan gaba a rukuninsu ne tun kafin zuwansu, suka kuma daɗe har sa'a ta faɗo a kansu.

Waɗanda suka fi yin da-na-sani kuwa, Montreal da Pittsburgh da White Sox ta 2016, ƙungiyoyi ne na tsaka-tsaki da suka biya farashin manya.

Matsalar ita ce wanda ke yanke hukuncin ba koyaushe yake da haƙurin jira ba. Manajan da kujerarsa ke rawa ya san cewa matashin da ya adana yau, mai yiwuwa wanda ya gaje shi ne zai ci moriyarsa.

Magoya baya kuma, waɗanda ke sayen tikiti a bana, kan fassara ƙin saye a matsayin karaya.

Detroit ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. A 1987 ta ba da matashi ta karɓi tsohon hannu, matashin ya zama gwarzo a wani gari. Shekara 30 bayan haka ta ba da tsohon hannu ta karɓi matasa uku, shi kuma ya je ya ɗauki kofi biyu a Houston.